Ludayin Gwaggo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kowa ya faɗi haka ran da Gwaggo ta rasu, ni ma na faɗa, amma bakina ne kawai ya faɗa, zuciyata tana wani wuri. Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina da shekara huɗu, domin kuwa Allah bai bar mata nata ba. Biyu ta haifa, duka suka koma tun suna goye, mijin ma ya daɗe da bin su. Ta cika wata Laraba da hantsi a ɗakinta da ke Tasawa, damina ta yi nisa, hatsi ya fara fidda kai. Babu kowa a kanta. Matar ƙanen babana ce ta shigo da kunu ta tarar rai ya yi halinsa.

Ina Gidan Amumune aka kira ni, can nake aure, can kuma nake koyarwa. Kafin in samu mota in iso an riga an kai ta makwancinta. Na yi zaton zaman makoki ne na tsohuwar da ba ta bar ɗa ba, tabarma biyu sun isa. Ashe sai mun yi aron tabarmi daga maƙwabta.

Ladanin unguwa ne ya fara ba ni mamaki. Ya tsaya daga bakin zaure ya yi mana gaisuwa, muka ce da godiya, sai ya ƙi tafiya. Ya ce, "Muryar nan da kuke ji kullum, Madam ce ta ba ni ita bayan Allah. Ina yaro ko sunana ba na iya kaiwa ƙarshe." Madam ake ce wa Gwaggo, don ta daɗe tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Wata mai sayar da atamfa ta taso tun daga Baudeta, ta zauna ta yi kuka mai isarta, ta tashi ba ta ko sha ruwa ba. Wani mai kabu-kabu ya ajiye babur ya yini yana ɗebo mana ruwa, aka ba shi kuɗin esans, wato man babur, ya ƙi karɓa. Ƙanen babana, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ashe haka Yaya take da mutane?"

Ni kuwa raina ɓaci yake yi. Ina da saurin baki, kowa ya san ni da shi, kuma maganar ta zo mini har leɓe: duk ina kuke wata huɗun da ta yi tana kwance ita kaɗai tana kallon rufin ɗaki? Na haɗiye abata. Wanda zai yi wannan tambaya sai hannunsa ya zama wankakke, nawa kuwa ba haka yake ba, kuma zan faɗi dalili.

Ran addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, wata Bafillatana da ke kawo wa Gwaggo nono ta shigo da ɗiyarta, yarinya ƴar kamar shekara takwas, siririya, mai manyan idanu. Uwar ta sauke ƙwarya ta durƙusa ta yi gaisuwa. Yarinyar ba ta dubi kowa ba, ɗakin Gwaggo kawai take leƙe.

"Madam ƙarama," in ji uwar, "na zo da magana, ko da yake ba ranarta ba ce. Wannan ta shekara guda a lakwal ba ta ce uffan ba. Ko an kira sunanta ba ta amsawa. Mushe, malamin kilas ɗinsu, ya ce bebiya ce. A gida tana yi, sai dai da i'ina mai tsanani, shi ya sa in ta ga mutane take rufe baki. Darakta, shugaban lakwal ɗin, ya ce kilas ya cika, ba zai riƙe wa mai shiru wuri ba. Ubanta ya ce to ta bi maruƙa. Madam ce, tun kafin ciwo ya kwantar da ita, ta taka da ƙafarta ta roƙe su, suka yarda a bar mata ita har a koma lakwal. Ran da aka koma, in ta yi magana gaban darakta ta zauna, in ba ta yi ba shi ke nan." Ta gyara zaman zanenta ta ce, "Saura sati biyar. Ga shi Madam ta tafi."

Na ce mata ta ba ni kwana biyu in yi tunani. Gaskiyar magana so nake in kauce.

Shekara talatin da wani abu Gwaggo ta yi tana riƙe da kilas ɗin farko, na sababbin shiga. An sha yi mata tayin na manya ta ƙi. Ba ta yi karatun gyaran magana ba. An ce akwai likitocin wannan aiki a Yamai, mu dai nan ba mu taɓa sa su a ido ba. Abin da take da shi ludayi ne guda na duma, tsoho, ya yi ja don shan hannu, bakinsa ya ɗan tsage an ɗinke da zare. Dokarsa ɗaya ce. Wanda ludayi ke hannunsa shi ke da magana, kowa ya kama bakinsa har sai ya gama ya miƙa. Ba dariya, ba taya shi, ba ƙarasa masa. Ita kanta in ta ba yaro ludayi sai ta harɗe hannu ta zauna kamar an dasa ta.

Mai kabu-kabun nan shi ya ba mu labarin ran da insifekta ya zo kilas ɗinsu. Ya ce, "Ya nuna ni da yatsa ya yi tambaya. Na san amsar wallahi, amma ta maƙale mini a wuya. Madam ta ɗora mini ludayi a hannu. Ina ta fama, ina ta fama, sai insifekta ya juya zai tambayi na kusa da ni. Madam ta ce masa, 'Mushe, ludayi na hannunsa.' Mutumin nan da takalmansa masu ƙyalli ya tsaya ya jira ni. Tun daga ranar ban ƙara jin tsoron babban mutum ba."

Tana da maganganu da duk wanda ya zauna da ita ya haddace. Takan ce, "Magana ba tsere ba ce." Takan ce, "Mai ƙarasa wa yaro magana ɓarawo ne, ya sace masa ƙarshenta." In uwa ta kawo yaro tana cewa bakinsa ne ba daidai ba, sai Gwaggo ta ce, "Bari mu fara duba namu kunnen."

Na yaron ma takan duba. Sai ta zaunar da shi ta ba shi abin wasa, ta zagaya bayansa ta saki murfin kwano a ƙasa. In bai waiga ba, ta ce a tafi likita tukuna, don yara da yawa da aka yi wa laƙabin bebe ciwon kunne ne ya toshe su. In ya waiga, aiki ya fara. Tana da ɗan madubi irin na kwalliya, su haɗa kai su biyu a cikinsa, ta nuna masa inda harshe ke zama da yadda leɓe ke haɗuwa, ta yi ta murguɗa baki har yaro ya yi dariya ya manta gyara ake yi masa. Tana da curin auduga da ake tserensa a kan tebur da hurawa, don numfashi ya yi tsawo. Mai i'ina kuwa da tafi take bi da shi, kowace gaɓa tafi guda, sannu sannu kamar mace ɗaya na daka ba ta gaggawa. Akwai kuma wata tsohuwar jaka cike da tarkace, makulli, goriba, kwalbar turare, ƙahon akuya. Yaro ya zura hannu ya zaro, ya faɗi sunan abin da ya zaro. In ya faɗa a karkace ba ta cewa ba haka ba ne. Sai ta ce, "I, goriba ce," ta faɗe ta daidai, ta wuce.

A kilas gaba take zaunar da su, kusa da ita, amma ba ta fara kiransu. Sai mutum uku ko huɗu sun yi, sannan ludayi ya biyo ta kansu kamar ba da niyya ba. Bayan ta ajiye aiki ma abin bai tsaya ba. Malamai suka riƙa turo mata yara in an tashi lakwal, ta shimfiɗa tabarma gindin itacen bedi na tsakar gida. Ba ta taɓa karɓar ko dala ba, in an matsa mata ta ce a kawo goro.

Kada a ɗauka waliyyiya ce. Gwaggo tana da faɗa, kuma in ta riƙe mutum a rai sai a hankali. Ta shekara biyu ba ta gaisa da wanzamin unguwa ba, don ya tsaga ƙarƙashin harshen wani yaro da take gyarawa, wai linzami ne ya ɗaure shi. Ta same shi gaban jama'a ta ce, "Askarka ta san gashi, ba ta san magana ba." Miyarta kullum gishiri ya yi yawa, kuma ba a isa a faɗa ba. Ni kuwa tun ina ƙarama take ce mini injin niƙa. "Ke injin niƙa, kashe, mu ji da kunnenmu."

Sau ɗaya ta gaya mini asalin ludayin, muna tsince wake, ba ta ko dube ni ba. Ta ce farkon fara aikinta an kai ta wani ƙauye a ƙasar Mayahi, tana budurwa, kanta cike da Faransanci. A zamanin akwai abin da ake kira sambol, ƙashin jaki ne da aka ɗaura wa igiya. Duk yaron da ya yi Hausa a lakwal sai a rataya masa a wuya, ya yi ta yawo da shi har wani ya yi kuskure ya karɓe shi. Akwai wani ɗan makiyaya mai i'ina. In kalmar Faransanci ta maƙale masa, tsoro kan sa ya fice ta Hausa, yara su ɗauki ihu, ita kuma ta rataya masa ƙashin. Kwana uku a jere yana kwana da shi. Rana ta huɗu bai zo ba. Da ta je nemansa ta tarar sun tashi da shanunsu, sai ƙashin a rataye jikin ƙaya.

"Har yau ban san inda yake ba," in ji ta. "In na je kasuwar dabbobi nakan duba fuskokin dattawa. Ban san ma me zan ce masa ba." Ta ce washegari ta shiga kilas da ludayin da take shan fura da shi. Ta tura mini tiren waken ta ce in ƙarasa, ta shige ɗaki.

Faɗanmu mafi girma a kan aiki ne, bayan ni ma na zama malama. Ta zo mini kwana biyu, ta bi ni kilas ta zauna a baya. Rumfar kara ce, yara sun cika ta maƙil, wasu a ƙasa. Wata yarinya ta tashi tana jan magana, na ƙarasa mata na ce ta zauna. Da muka dawo gida Gwaggo ta ƙi cin abinci.

Na ce, "Gwaggo, zamaninku daban. Kin ga yawansu. In na tsaya jiran kowane ɗaya, yaushe zan gama abin da aka ɗora mini?"

Ta ce, "Kin gama yau?"

"Na gama."

"To ita fa?"

Na ce abin da bai kamata ba. Na ce wadda ba ta da miji da ƴaƴa a gida ita ke da lokacin jiran ƴaƴan mutane. Da safe ta ɗaure kayanta ta tafi tasha. Mun shirya daga baya, irin shirin da ake yi ba tare da an tada maganar ba, amma ban taɓa cewa ta yafe mini ba. Ina ganin akwai lokaci.

Da bazara hawan jini ya buge ta. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. In ta buɗe baki sai sauti guda ya yi ta maimaituwa, miyau na zuba, idonta na kan mutum. Satin farko gida ya cika da ƴan dubiya. Kowa ya shigo ya ce sannu, ta fara ƙoƙari, sai ya ce, "Kada ki wahalar da kanki, Madam, Allah ya ba da lafiya," ya fita. A hankali ƙafa ta ɗauke. Matar Baba Ƙarami na kawo abinci sau uku, ta gyara ta, ta koma nata aikin, kuma Allah ya saka mata. Muka yanke a tsakaninmu cewa Gwaggo ba ta magana. Ni da bakina na riƙa gaya wa mutane haka.

Nakan zo duk sati biyu. In shigo da sallama da surutu, in share ɗaki, in wanke mata kai, in ba ta labarin kowa da komai. In ta motsa baki sai in tare ta. Ruwa? Fitsari? Ƙafar ce? In juya ki? Ɗaya daga ciki dai sai ta lumshe ido, in ce to na gane. Ina jin kaina ɗiyar kirki.

Zuwana na ƙarshe ran Lahadi ne, hadari ya haɗo ta gabas, ina saurin kada mota ta bar ni. Na yafa mayafi na ce, "Gwaggo, sai na dawo." Sai ta ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, tana nuna bango. Ludayin na nan rataye a ƙusa. Na ce, "Kunu za ki sha?" Ta ci gaba da nunawa, bakinta na rawa. Na ciro shi na ɗauraye, na ɗebo kunu na tallabo kanta. Ta kai hannu za ta kama ludayin, na janye na ce, "Bari in riƙe miki, kada ki zubar." Ta kurɓa sau biyu ta kau da kai, hawaye na bin gefen idonta zuwa kunne. Na ce ciwo ne. Na goge mata, na mayar da ludayin ƙusarsa, na kama hanya. Kwana goma bayan nan ta rasu.

Ran bakwai mai nono ta dawo jin amsa. Ina ta kewaye-kewaye, ina cewa aikin Gwaggo sai Gwaggo, kuma ai tun bazara aikin ya tsaya tunda ba ta magana. Matar ta dube ni da mamaki.

"Wa ya ce ba ta magana? Madam tana magana mana. Sai dai a jira ta."

Na ce, "Me kika ce?"

"Kullum in na kawo nono nakan bar wannan wurinta in zaga gari. Sai ta ciro ludayi ta sa wa Madam a hannu ta zauna. Madam ta yi ta fama, wani lokaci har in sayar da rabin ƙwarya in dawo kalma uku ta fitar. In ta gama ta miƙa wa yarinya, ita ma ta yi nata faman. Haka suke yini. Ni ma na koyi zama." Ta ƙara da cewa, "Ita ta ce mana kada mu damu. Ta ce, 'Ɗiyata za ta kai ta.' Ta ce za ta gaya miki in kin zo. Ba ta gaya miki ba?"

Na tashi na shiga ɗakin na dubi ƙusar. Duk duniya babu wanda ya san dokar ludayin nan kamar ni, a gindinsa na girma. Matar da ta jira ƴaƴan mutane shekara talatin ta roƙi a jira ta sau ɗaya, ni kuma na cika mata shi da kunu. Na zauna bakin gadonta na yi kukan da ban yi ba ran da aka kira ni. Wannan abu zai bi ni har kabarina, na sani.

Na aika wa maigidana cewa zan ƙarasa hutun a Tasawa. Sati huɗu na yi a gidan ni kaɗai. Ban taɓa sanin gidan nan yana da faɗi haka ba. Da hantsi yarinyar ta zo, mu zauna gindin bedi. Na fiddo madubi, na fiddo auduga, na fiddo jakar tarkace. Tana hura auduga, tana tafi tare da ni, tana zaro goriba ta nuna mini. Amma ko kalma ɗaya. In na ba ta ludayi sai ta riƙe ta yi ta kallon ƙofar ɗakin Gwaggo. Uwar ta ce mata Madam ta yi tafiya, irin yadda ake gaya wa yara, ni ma ban gyara ba.

Wahalar ba tata ba ce, tawa ce. Ashe shiru aiki ne. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi, in ji "to faɗi mana" ta taso, in danne ta da haƙori. Sau biyu ta kuɓuce mini, yarinyar ta ajiye ludayin a tabarma ta tafi bakin zaure ta jira uwarta. Ran nan na ce da kaina, injin niƙa, ko ki kashe ko ki kashe yarinyar mutane. Sati na ƙarshe na iya zama har inuwar bedi ta matsa daga tabarma ban ce komai ba. Ita ma ba ta ce ba. Ana gobe komawa lakwal uwar ta tambaye ni, na ce mata gaskiya, ban ji muryarta ba ko sau ɗaya. Ta ce, "To, Allah na nan." Uban ya riga ya yanko mata sandar kiwo.

Lakwal ɗin tana bayan gari, ta hanyar Kona. Ranar ana ta kafa rumfunan kara, iyaye sun yi layi, yara na guje-guje. Darakta mutum ne mai kirki amma a gajiye yake. Ya yi mini gaisuwar Gwaggo, ya ce ita ta koya masa riƙe alli. Sannan ya buɗe babban littafin sunaye ya ce, "Madam, alkawari na yi wa marigayiya, zan cika. Ko sunanta kawai ta faɗa ya isa. Amma kin ga layin da ke waje."

Na ciro ludayin daga jaka na sa mata a hannu. Na harɗe hannuwana.

Ta riƙe shi da hannu biyu. Leɓenta ya motsa ya tsaya. Wuyanta ya kumbura, ta runtse ido, ba abin da ya fito. Uwar na tsugune bakin ƙofa ta rufe fuska da gefen zane. Wayar darakta ta yi ƙara ya kashe. Wani uba ya leƙo ya koma. Sunan yarinyar na kan harshena, gaɓa biyu ne kacal, in na fara mata ta farko wataƙila ta kama. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini.

Darakta ya dubi agogo, ya ɗauki biro, ya ce, "To, Madam, ina ganin..."

Na ce, "Mushe, ludayi na hannunta."

Ya dube ni, ya dubi ludayin. Ya ajiye biron a hankali ya jingina da kujera.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sai na ga yatsanta ɗaya na bugun ludayin, sannu sannu, irin tafin Gwaggo. Ba darakta ta kalla ba, ni ta kalla. Muryar ƴar ƙarama ce, a dushe.

"Ya... ya... yau... she... Ma... Madam... za ta... da... dawo?"

Uwar ta fashe da kuka. Darakta ya sunkuyar da kai, ya jawo littafin ya rubuta sunanta. Ya ce, "Gobe da safe ta zo. A zaunar da ita gaba."

Yarinyar ba ta kula da shi ba. Ta yi tambaya, amsa take so. Ta tako ta ɗora mini ludayin a hannu, yadda aka koya mata, ta koma ta harɗe ƴan hannuwanta.

Ni da ake ce wa injin niƙa, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba tun da na iya magana, na buɗe baki babu abin da ya fito. Na sake buɗewa, haka dai. Ga layi a waje, ga darakta, ga rana na yi. Yarinyar ba ta ce in yi sauri ba, ba ta dubi ƙofa ba, ba ta ƙarasa mini ba. Ta zuba mini manyan idanun nan ta tsaya.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya yalwata miki makwanci, ya haɗa ki da ɗan makiyayan nan a inda harshe ba ya sarƙewa. Ki yafe mini. Na daɗe ƙwarai kafin in iya gaya mata ba za ki dawo ba, kuma ta jira ni har na gama.